Shekarar da Ƙanƙara Ta Ƙi Faɗowa

Rifkatu, Yohanna, da kai auta Bulus, na san abin da ake faɗa muku duk lokacin da kuka je Dabai, garin kakanninku, gaisuwa, ko da yake babu wanda ya taɓa maimaita mini shi a cikinku. A fuskokinku nake gani idan kun dawo. Ana cewa ni na hana mahaifinku komawa gidan ubansa, na tsare makaho a unguwarmu Rikoto yana yi mini aikin ƙanƙara har ƙarfinsa ya ƙare. A shekarar da aka yi abin babu ko ɗayanku a gida. Rifkatu tana gidan mijinta a Kaduna, ku maza kuma kowa yana barikin da aka tura shi, waya ce kawai tsakaninmu, ita kuwa waya ba a faɗin komai a cikinta sai lafiya lau. Tunda har yanzu idona yana bin layi, zan rubuta muku yadda aka yi, ku ajiye.

Kun san ni da littafi. Tun ina budurwa nake sayen 'yan littattafan soyayyar nan da ake bazawa a kan tabarma ranar kasuwa. A cikinsu na iya Hausar rubutu, a cikinsu kuma na ɗauko ra'ayin cewa kowace mace akwai namijin da aka halitta dominta, zai zo ko daga bayan dutse ne. Nawa da ya tashi zuwa, daga bayan dutsen ya fito kuwa, sai dai ba a mota ba, garma ce a kafaɗarsa. Golmo ya kawo shi gonar babana, wato noman da saurayi yake yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Nakan zauna a kan wani falalen dutse da tulun ruwa ina kallonsu, ina ƙawata shi a zuciyata da duk kalmomin da na karanta. Gaskiyar magana mahaifinku Ishaya siriri ne a lokacin, kafin rana ta take ya gaji. Wansa Bawa ne yake ƙarasa kunyarsa, ya zagayo ya kama ta ƙanensa, ba tare da ya bari babana ya lura ba. Damina bayan damina Bawa ya zubar da gumi a gonar da ba shi za a ba mata ba. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya, Bawa ba mugu ba ne, kuma yana da bakin magana a kan aurena.

Mahaifinku a sashen sadarwa ya yi aikin soja, gyaran rediyo da oba-oba, har ya ajiye kaki da igiyar saje, sunan da ya bi shi ke nan a unguwa. Bayan ya dawo gida idonsa ya fara dushewa daga gefe. Muka yi ta jeka-ka-dawo a asibiti, ƙarshe aka ce jijiya ce ta lalace, ba ta dawowa. Makantar ba ta tayar mini da hankali kamar shirun da ya biyo bayanta ba. Mutumin da yake tashi da waƙar majami'a, ya goge takalmin da ba inda zai je da shi, sai ya koma zama a gindin mangwaro daga safe har inuwa ta juya, hannuwansa a kan gwiwa kamar kayan da aka ba shi ajiya. Da can idan ina karanta masa littafi yakan katse ni ya ce, “To shi wannan saurayin ba ya zuwa aiki ne?” Yanzu sai in karanta har ƙarshe bai ce uffan ba. Ina kallonsa yana tafiya alhali yana zaune a gabana.

A nan Bawa ya fara zuwa da maganarsa. Ya zauna a kan turmi a kife, na durƙusa na gaishe shi, ya yi mana magana da yarenmu, ni ce nake juya muku zuwa Hausa.

“Hannatu, a gidanmu namiji idan ƙarfinsa ya ƙare, gidan ubansa yake komawa. Haka aka yi wa kakanmu, haka aka yi wa Baba. Ba a barin mutum a hannun mace ita kaɗai alhali 'yan'uwansa suna da rai. Ba raini ba ne, nauyi ne na ce a kawo mu ɗauka.”

“Yaya, ba mu ce ya yi mana nauyi ba.”

“Ba za ki ce ba. Na san ki tun kina kan dutse kina leƙenmu.”

Ishaya bai ce e ba, bai ce a'a ba. Wannan ya fi komai tsorata ni, domin na san ranar da aka zaunar da shi a ɗakin da 'yan'uwa suka gina masa, ana kawo tuwo ana ɗauke kwano, a ranar ya gama rayuwa, sauran jiran kabari ne.

Ana cikin haka sai ga saƙon Rifkatu a motar kasuwa, kwali mai nauyi. Injin ƙanƙara ne irin na cikin gida, bai fi girman tukunyar miya ta biki ba. Ke, Rifkatu, kin aiko shi ne don babanki ya sha ruwan sanyi, ba ki san abin da kika aiko ba. Muka jona shi da batirin solar da Yohanna ya sa mana. Ana zuba ruwa, wasu yatsun ƙarfe su nutse a cikin ɗan faranti, ƙanƙara ta taru a jikinsu, idan ta nuna sai injin ya ɗan ɗumama yatsun ta sulɓe ta zubo cikin kwando, ƙwal-ƙwal-ƙwal. Ranar farko da ta zubo, mahaifinku ya juyo da kansa daga gindin mangwaro.

“Mene ne wannan?”

“Ƙanƙara ce ta faɗo.”

“Kawo ni wurin.”

Ya shafa injin ciki da baya, ya kara kunne, ya sa na karanta masa abin da aka rubuta a jikin kowane maɓalli. Kafin mako ya zagayo ya karɓe aikin daga hannuna. Da kunne yake sanin ruwa ya kusa ƙarewa, da kunne yake sanin ta kusa faɗowa. Ni ina dama kunun zaƙi da zoɓo, shi yana ƙulla ƙanƙara a leda yana jerawa a kula. Da azumi ya kama cikin tsananin zafin bazara, maƙwabtanmu Musulmi suka riƙa zuwa da kwanoni gab da shan ruwa, ana “Saje, a taimaka,” shi kuma yana jera su layi kamar kurata, yana gane kowa da murya, yana tsokanar wanda ya yi latti. Waƙa ta dawo bakinsa. Ranar Asabar kuwa ranar wanka ce ga injin. Yakan shimfiɗa tsumma, ya kwance murfin baya, ya goge kowane lungu da ɗan ƙyalle a bakin tsinke, kamar yadda aka koya masa yi wa bindiga da rediyo. Bawa ya zo ya ga layin mutane, ya tsaya kallo, ya ce to, a bari a gani zuwa faɗuwar ruwa.

Wata Lahadi da muka dawo daga majami'a muka kunna injin, ya yi ta aiki, ba mu ji ƙwal ba. Can sai ya fara wani nishi, jar fitila tana ƙyaftawa, yana kuka kamar ɗan tsako. Da na ɗaga murfi sai na ga ƙanƙarar ta haɗe ta zama dunƙule guda, ta riƙe yatsun, ta riƙe farantin. Muka kashe, muka jira ta narke, muka sake kunnawa, ya maimaita. Na ce ko ruwan rijiya ne, muka sa na leda. Ishaya ya ce ko batir ne ya yi sanyi, muka jira rana ta take. Na wanke farantin da ruwan lemon tsami saboda farin dattin da ruwa ke bari. Duk a banza. Mutane suka zo da kwanoni suka koma da su a bushe, sannu a hankali suka daina zuwa, mahaifinku kuma ya koma gindin mangwaro.

Na rungume injin a cinya a bayan ɗan acaɓa kamar mai kai yaro asibiti, na kai wa wani mai gyaran firij a bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, bai yaudare ni ba. Ya jona, ya saurara, ya taɓa yatsun.

“Mama, gas ɗinshi lahiya lau, tunda ga shi yana daskarewa. Hwanka na juyawa. Wanga inji bai san lokacin sakin ƙanƙara ba, shi ke nan ciwonshi. Akwai wani ɗan abu da muke ce ma sensa, shi ka jin sanyi ya gaya ma ƙwaƙwalwar inji ta nuna, a saki. Ko shi ya mutu, ko ƙwaƙwalwar. Ni firij na sani, ban taɓa buɗe irin wanga ba, kuma ko na gano ba a samun kayanshi nan Zuru. Ki aika Kaduna.”

Aikawa Kaduna da dawowa zai wuce faɗuwar ruwa, hadari kuwa ya riga ya fara haɗowa ta gabas da maraice. Ina isa gida na tarar da saƙon Bawa: ya gama ɗakin, ya yi masa sabon jinka, har ya ɗaura igiya daga bakin ƙofa zuwa bayan gida don ƙanensa ya riƙa bi ba sai an ja shi ba. Ranar kasuwa mai zuwa zai zo da babur. Da na ji maganar igiyar nan sai da na yi hawaye, domin ƙauna ce tsantsa, kuma ita ce za ta kashe mini miji. Ishaya ya ce in fito masa da akwatinsa na soja in kakkaɓe.

Na fito da akwatin da safiyar ranar kasuwar, amma ba kayan sawa na zuba ba. Na tona ƙasansa na ciro tsohuwar mitarsa ta gwajin wuta, mai allura da wayoyi biyu, ja da baƙa, na je na ɗora masa a cinya. Ya shafa ta, ya gane ta tun kafin yatsunsa su gama zagayawa.

“Maman Rifkatu, mita ido take so.”

“Ga ido.”

“Idonki na karatun ya kalle ta ta kalle shi suka suma ne. Wannan aikin maza ne masu haƙuri.”

“Na yi haƙuri da kai tun kana barin kunya a rabi, Saje. Mai gyara ya ce ko sensa ko ƙwaƙwalwa. Idan ƙwaƙwalwa ce na yarda, ni da kaina zan naɗe maka tabarma. Amma ba za ka hau babur ɗin nan ba sai mun san wanne ne.”

Ya jujjuya mitar a hannunsa. Sannan ya ce in ciro batir daga tocilan, na cikin mitar ya daɗe da mutuwa.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwa. Ya sa na cire injin daga wuta, ya tambaye ni har sau biyu ko na cire. Ya sa na haɗa bakin wayoyin mitar in gaya masa ko allura ta tafi ƙarshe, ta tafi, ya ce to tana da rai. Shi ya kwance murfin baya da kansa, yana jera ƙusoshin a cikin murfin kwano. Ya kama hannuna yana ɗora shi a kan abubuwa yana gaya mini sunansu: wannan baƙin tulun shi ne kwamfuresa, wannan bututun da ya fito daga jikinsa zafi yake ɗauka, wancan da ya nufi yatsu sanyi yake ɗauka. Rabon da ya riƙe hannuna haka tun kafin ido ya tafi. Ba zan ɓoye muku ba, da furfurata da komai sai da zuciyata ta buga, na ce a raina babu marubucin da ya taɓa tunanin sa masoya a bayan injin ƙanƙara.

“Hankalinki na nan kuwa?”

“Yana nan.”

“Bi wayoyin da suka fito daga ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta je fanka ki bar ta, wadda ta je famfo ki bar ta. Nemi siririya wadda ba ta je ko'ina ba, ta ƙare da ɗan kai kamar ƙwayar wake.”

Ina cikin bi sai muka ji tsayuwar babur. Bawa ya yi sallama ya shigo, da wani ɗanyen ganye a hannu da ya tsinko mini na miya, kamar kullum. Na tashi na gaishe shi na kawo ruwa. Ya dubi akwatin a buɗe babu kaya, ya dubi injin a kwance ciki a waje, ya ja turmi ya zauna.

Na koma na ci gaba da bi, sai na same ta. Ɗan kan nata yana cikin damin sauran wayoyi, an tattara su tsaf an ɗaure a jikin bututun zafi da baƙin zare. Na san zaren, na igiyar tsohon takalminsa ne da yake warwarewa. Na san ƙullin, shi ne wanda yake yi wa bakin buhu da igiyar gidan sauro, ƙullin da ba ya kwancewa sai ka san inda za ka ja. Can gefe kuma, a jikin bututun sanyi, ga wani ɗan maƙalin roba ya karye, rabinsa yana nan, wurin zaman ƙwayar waken ke nan. Nan take na ga duk yadda aka yi. Ranar Asabar yana goge-gogensa ƙyalle ya karya maƙalin bai sani ba, yatsunsa suka ci karo da waya tana lilo, shi kuwa soja ne, waya ba ta lilo a gabansa. Ya gyara ta. Ya ɗaure mai jin sanyi a jikin zafi, injin ya yi ta jiran labarin da ba zai zo ba.

Na ja zaren a hankali na yar a kan tabarma, na zare wayar daga ƙwaƙwalwa, na ce na samu.

“Ɗora bakin mita a ƙafafunta biyu. Allura ta motsa?”

“Ta tafi ta tsaya a tsakiya.”

“To ba ta tsinke ba. Yanzu kawo kan nan.”

Ya dunƙule ɗan kan a tafin hannunsa. Ina kallo allurar ta fara tafiya sannu sannu, kamar mai jin kunya.

“Tana tafiya dama, Saje.”

“Ɗumin hannuna take ji. Ashe da sauran ɗumi. Sa ta a ruwan randa.”

Na tsoma ta a moɗa, allurar ta ja da baya. Ya sake karɓa ya dunƙule, ta dawo. Har Bawa sai da ya miƙo wuya yana leƙe, ya ce a ba shi ya gwada, ya riƙe, allura ta tafi, ya yi 'yar dariya ya ce ashe abin ya san manomi. Mahaifinku kuwa bai yi dariya ba. Goshinsa ya tattare.

“Lafiyarta ƙalau. Tana jin zafi, tana jin sanyi. To me ya hana ta faɗa? Hannatu, a ina kika ciro ta?”

Na riga na shirya amsa. Ɓera zan ce, ɓera ya ture ta. A littattafaina mace takan yi ƙaryar da ta fi wannan don ta rufa wa masoyinta asiri, kuma marubuci ya yaba mata. Ga Bawa zaune, kunne a buɗe, abin da ya zo nema ke nan, shaidar cewa ƙanensa bai isa a bar shi da kansa ba. Amma na dubi fuskar mutumin nan na ga idan na yi masa ƙarya yau, na zama ta farko da ta fara ɗaura masa igiya. Bakina ya kasa ɓera, ya kasa gaskiya. Sai ya fara lalube a kan tabarma, yatsunsa suka taɓa zaren, ya ɗauka ya murza.

“A jikin bututun zafi kika same ta.”

“E.”

“Ni ne. Na ji ta tana lilo na ɗaure.” Ya juya fuska wajen wansa. “Yaya, ka ji. Ba inji ba ne, ba ruwa ba ne. Ni na kashe shi da gyara.”

Bawa ya sauke numfashi. Bai yi murna ba, ku sani. Muryarsa a ƙasa take.

“To ka gani, Ishaya. Yau waya ce. Gobe wuta ce za ta kama, ita tana kasuwa. In ce wa Baba me idan na same shi? Tashi mu tafi, ɗakinka yana jira.”

“Bari in mayar da abin da na ɓata tukuna. Ba a barin aiki a buɗe.”

Maƙalin ba ya gyaruwa. Ya sa na kankare bututun sanyi da ƙyalle har ya bushe, na ɗora yatsansa a daidai inda rabin maƙalin yake. Ya kwantar da ɗan kan a wurin, ya naɗe shi da siririyar wayar tagulla da ya fiƙe daga wata tsohuwar waya, ya matse yadda ba zai motsa ba. Ya ce iskar fanka za ta riƙa hura shi ta ruɗa shi, a rufe. Na yanko gefen tsohon silifa, ya tsaga shi ya lulluɓe wurin, ya ɗaure da robar tayar keke. Sauran wayoyin ya sa na duba ko akwai wadda ta taɓa bututun zafi. Ya mayar da murfi, ya ɗaure ƙusoshi, na zuba ruwa, na jona, ya danna maɓalli da kansa. Injin ya ɗauki gurnani.

Ni a zatona ƙanƙarar ce za ta yanke hukunci. Idan ta faɗo ya zauna, idan ta ƙi ya tafi. Haka na tsara a raina, har ina addu'a a ɓoye, ina jin kowane nishin injin a ƙirjina. Mahaifinku bai jira ta ba.

“Yaya, ko ta faɗo ko ba ta faɗo ba, ba zan bi ka ba.”

“Me ka ce?”

“Tun da ido ya tafi ban yi kuskure ba, saboda ban taɓa komai ba sai da injin nan ya zo. Yanzu na ɓata abu, na gano, na gyara. A ɗakin da ka gina mini ba zan ƙara ɓata komai ba har in mutu. Na gode da igiyar, na san da hannunka ka murza ta. Amma ka bar ni inda zan yi ɓarna.”

“Matarka ce ta sa ka.”

“Matata ta so ta ce ɓera ne, na ji shi a numfashinta. Ni nake magana. Ka noma mini kunyata ina yaro, ban manta ba. Wannan kunyar ka bar mini in ƙarasa. Ranar da na gama ka zo ka ɗauke ni, ba zan yi maka gardama ba.”

Bawa ya miƙe. Ruwan da na kawo masa yana nan bai taɓa ba. Na bi shi har ƙofa ina “Yaya, ka tsaya ka ci abinci,” bai waiwayo ba. Ƙarar babur ɗinsa ba ta gama ɓacewa ba muka ji injin ya yi shiru, ya yi ɗan tsaki, farantin ya juya, ƙanƙara ta zubo cikin kwando. Mu biyu kaɗai muka ji. Ishaya ya laluba ya ɗauki ɗaya, ya jujjuya ta, ya ce ta ɗan yi kauri, gobe a matsar da kan sama kaɗan. Sannan ya sunkuyar da kai ya yi kuka, ba don inji ba.

Abin da zaman ya ci mana ke nan. Bawa bai sake taka gidan nan ba duk sauran shekarun mahaifinku. Kowace kaka yakan aiko da buhun dawa a bayan babur, a sauke a ƙofa, babu saƙo. Ishaya yakan shafa ƙullin bakin buhun ya ce lafiyarsa ƙalau, hannunsa ne. Su biyu ke nan da suka rage a ɗakin uwarsu, kuma kowannensu ya tsufa yana kewar ɗayan, tafiyar da ba ta kai a ɗumama tuwo ba a tsakaninsu. Ban taɓa cewa wannan ƙaramin abu ba ne. Amma a shekarun nan mahaifinku ya tashi da waƙa, ya yi faɗa da masu kwanoni, ya ƙona yatsa, ya fasa mini kula guda, ya katse mini karatu ya fi a ƙirga. Ban tsare shi ba. Mita kawai na ɗora masa a cinya.

Safiyar da ya cika, kafin ku iso, kafin ma in aika Dabai, na ji tsayuwar mota a ƙofa. Bawa ne, ya rame, yana dogara sanda. Har yau ban san wanda ya kai masa labari ba. Ya tsaya a bakin zaure bai shigo ba.

“Hannatu, ya gama?”

“Ya gama, Yaya.”

“Har ƙarshen kunya?”

“Har ƙarshe.”

Ya gyaɗa kai, ya cire takalmi, ya ce in ba shi ruwa ya sha kafin ya shiga ya ɗauki ƙanensa.